Tayar Prado: in tsaya a 265/65R17 ko in ƙara mata girma?

Baban_Khalifa_Hanwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar mota. Ina da Prado ƙirar 2008, tayoyinta huɗu duk sun suɗe, ta baya ta hagu ma har ta fara tsattsagewa a gefe. Abin da ke jikinta yanzu 265/65R17 ne. Na je wajen wani mai taya a Sabon Gari, ya ce in bar wannan in sa 285/70R17, wai motar za ta fi tashi, ta fi kwarjini, rami kuma ba zai dame ni ba. Yarona shi kuma ya dage sai in canza rim ɗin gaba ɗaya in sa mai lamba 20 irin na abokansa. Ni zirga-zirgata Zariya zuwa Kaduna ce kusan duk mako, sai gona a bayan Maigana, wadda in damina ta zauna hanyar sai a hankali. Wanne ya fi? Kuɗin ba kaɗan ba ne, ba na so in saya in dawo ina da-na-sani.

DanKongo:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ka bar abin da kamfani ya sa. Waɗanda suka ƙera motar sun fi mai shago sanin ƙafarta.

Sarkin_Hanya_Kwangila:
Ni ban yarda da DanKongo ba. Waɗanda suka ƙera motar ba su taɓa bin hanyar Soba a watan Agusta ba. Tawa 265/70R17 na sa, shekara ta uku ke nan, ban ɗaga motar ba, ban yanke komai ba. Inda da nake jin cikinta na gugar ƙasa yanzu wucewa nake yi.

Injiniya_Samaru:
Kafin a yi nisa bari mu fassara lambobin, don da yawa muna faɗarsu ba mu san me suke nufi ba. 265 faɗin tayar ne da milimita. 65 tsayin gefenta ne, daga bakin rim zuwa inda take taka ƙasa, amma a lissafin kashi cikin ɗari na faɗin. Wato kashi 65 na 265, kusan milimita 172. Harafin R yadda aka shimfiɗa zaren cikinta ne. 17 kuma girman rim ne da inci.

In ka haɗa lissafin, tsayin 265/65R17 daga ƙasa zuwa sama kusan milimita 776 ne. Ta Sarkin Hanya, 265/70R17, kusan 803. Wadda mai shago ya ba ka shawara, 285/70R17, kusan 831. Ta farko ta ƙaru da kashi 3 da ɗan wani abu, ta biyu da kashi 7.

Inda mutane ke ruɗuwa shi ne, motar ba da dukan wannan ƙarin take tashi ba, da rabinsa ne, tunda rabin tayar ne ke ƙarƙashin aksul, wato ƙarfen da taya ke juyawa a kansa. Da 265/70 milimita 13 kawai ka samu, bai kai kaurin yatsa ba. Da 285/70 kusan milimita 27. Sannan malejinka zai daina faɗa maka gaskiya. Da 285/70, in allura tana kan 120, kai a zahiri kana wajen 128. Wannan a hanyar Kaduna ba ƙaramin abu ba ne.

Baban_Khalifa_Hanwa:
Allah ya saka da alheri Injiniya. Wallahi shekara nawa ina sayen taya, yau ne na san 65 ɗin ba milimita ba ne.

Bakanike_Dan_Magaji:
Alhaji tambaya ɗaya kafin kowa ya ba ka shawara: injinka mai fulogi huɗu ne ko shida?

Baban_Khalifa_Hanwa:
Huɗu ne, 2.7.

Bakanike_Dan_Magaji:
To ranka ya daɗe ka manta da 285 kwata-kwata. Injin 2.7 dama da ƙyar yake jan jikin Prado, motar da ta kusa tan 2 ba kowa a ciki. Ka ɗora masa taya mai nauyi da tsayi, sai ka ga giya tana ta sauka tana hawa a ɗan tudun da bai kai ya kawo ba. Shan mai zai ƙaru, birki zai ƙara wahala, kuma in ka karya kan motar har ƙarshe za ka ji tana gugar robar cikin ramin taya. Nawa aka kawo mana gareji an sa musu wannan lambar, mai motar na cewa injin ya mutu, alhali injin lafiyarsa ƙalau, ƙafar ce ta fi ƙarfinsa. Da mai 4.0 ne, fulogi shida, da sai mu yi wata magana. Kuma kar ka manta da safaya. In ka canza huɗu ka bar ta biyar a tsohuwar lamba, ranar da ka buƙace ta ka shiga matsala, domin wannan motar ƙafa huɗu ke ja a kowane lokaci, ba irin Hilux ba ce da sai ka sa mata da kanka.

Sarkin_Hanya_Kwangila:
Oga Bakanike gaskiya ka faɗa, tawa shida ce. Kuma biyar na saya. Amma 265/70 ai ko mai huɗu zai iya da ita.

Bakanike_Dan_Magaji:
Zai iya, amma zai ji a jikinsa. Ba zan ce kar ya sa ba.

Matashi_GRA:
Ni dai ina bayan yaron Alhaji. Rim 20 ya fi kyau nesa ba kusa ba, kuma motar ta fi zama a kwana. Ai LX 570 da 285/50R20 take fitowa daga kamfani, ba wanda ya ce Toyota ba su san aiki ba.

Maman_Ilham_Gyallesu:
Ɗana Matashi, bari in ba ka labarin rim babba tunda ni na ɗanɗana. Highlander nake ja, wadda ta zo da 245/55R19. A shekara ɗaya sau biyu taya tana yi min ƙullutu a gefe, duk daga faɗawa rami, ɗaya a hanyar Funtuwa da daddare ina tare da yara. Ga wahalar samun lambar, wani lokaci sai an aiko daga Kano. Daga baya maigidan ya nemo min rim 17 na irin motar, aka sa 245/65R17. Tsayin kusan ɗaya ne, maleji bai canza ba, amma motar ta yi laushi, kuma tun daga nan ban sake ganin ƙullutu ba. Alhaji mai zuwa gona kar ya soma.

Injiniya_Samaru:
Hajiya ta gama magana. In Alhaji zai sa rim 20 ba tare da ya canza tsayi ba, 265/50R20 zai sa. Gefenta kusan milimita 132 ne, a maimakon 172. Santimita 4 na roba da iska ke nan ya cire tsakanin rim da bakin rami. Matashi, gaskiya ne a kwalta mai kyau ta fi zama a kwana, ba na musu. Amma tambayi kanka kwalta mai kyau nawa ce tsakanin Dakace da Maigana.

Matashi_GRA:
Na ji Hajiya, na ji Injiniya. Amma in mutum cikin gari kawai yake yawo ai ba laifi.

Alhaji_Mai_Masara:
Ku duk kuna ta maganar tsayi da faɗi, kun bar abin da ya fi su. Bayan R17 akwai wata lamba da harafi, misali 112S ko 112T. Wannan 112 nauyin da taya ɗaya za ta iya ɗauka ne, kilo 1,120. In ka ga 110, kilo 1,060 ne. Harafin kuma iyakar gudunta: S kilomita 180 a awa, T 190, H 210. Mai zuwa gona na san ba zai rasa jefa buhun taki biyar ko shida a baya ba, ga mutane a ciki. Kar ka yarda a ba ka ƙasa da abin da ke rubuce a jikin takardar da aka manna a ginshiƙin ƙofar direba. Buɗe ƙofar ka duba, lambar taya da yawan iska duk suna nan.

Ni da nake jigilar hatsi daga Giwa da Makarfi, wadda aka rubuta LT a gaban lambarta, wato ta motocin ɗaukar kaya, nake sawa, mai lambar nauyi 121/118. Gefenta kauri gare shi, kututturen dawa ba ya huda ta da sauƙi. Sai dai tana da tauri, tana da nauyi, kuma tana son iska fiye da ta gama-gari. In iyali kake ɗauka zuwa Kaduna za su yi ƙorafin girgiza.

DanKongo:
Ashe dai maganata ce ake ta zagayowa. A bar ta yadda take.

Malamin_Kongo_2:
DanKongo lamba ɗaya ce ba iri ɗaya ba. Ko ya tsaya a 265/65R17 sai ya zaɓi zane. Akwai H/T ta kwalta, akwai A/T mai cin kwalta da burji, akwai M/T ta taɓo zalla. A ganina abin da zai fitar da Alhaji daga laka a Maigana zanen taya ne, ba milimita 13 ba. Taya mai tsayi da zanen kwalta in ta shiga taɓo sai ta cika ta zama kamar sabulu, ta yi ta juyawa wuri ɗaya. Ni A/T zan ce. Bridgestone suna da Dueler, Yokohama suna da Geolandar, Dunlop suna da Grandtrek wadda Prado da yawa ke fitowa da ita, BFGoodrich suna da KO2, Maxxis ma na nan in aljihu bai kai can ba. M/T kam kar ya kusance ta, kukanta a kwalta kaɗai zai hana shi jin rediyo daga nan har Mararrabar Jos, kuma ba ta riƙe jiƙaƙƙiyar kwalta yadda ya kamata.

Direba_Tsohon_Hannu:
Shekara 31 ina tuƙi, na ja manya a ma'aikata na ja 'yan kasuwa. Abin da zan ƙara shi ne A/T ma kala-kala ce. Akwai mai manyan haƙora da ta kusa zama ta taɓo, akwai mai ƙananan haƙora da ta kusa zama ta kwalta. Wanda tafiyarsa goma, takwas a kwalta ne biyu a gona, mai ƙananan haƙora ya dace da shi. Ka sa hannu ka shafa kafin ka biya.

Abu_Sumayya:
Don Allah a yi maganar talaka ma. Sabuwar taya ɗaya ta manyan kamfanonin nan kuɗinta ya sayi Beljiyam uku ko fiye. Ni Beljiyam nake sa wa Sequoia ɗina, ina zaɓen mai zane sosai, kuma alhamdu lillahi ban taɓa samun matsala ba. Wasu Beljiyam ɗin ma sun fi sabuwar 'yar Chana ƙarko.

Maman_Ilham_Gyallesu:
Allah ya ci gaba da tsarewa Abu Sumayya, amma ni tsoronta nake ji.

Direba_Tsohon_Hannu:
Abu Sumayya ɗan'uwana, na san halin da ake ciki, ba wanda ke sayen gwanjo don marmari. Amma bari in faɗa maka abin da ya same ni. Wata bazara, ana tsakiyar zafin nan na watan Afrilu, na ɗauko maigidana da iyalinsa daga Kano. Kwana huɗu kafin nan aka sa mana Beljiyam biyu a baya, zanensu kamar sababbi, har ina yaba wanda ya zaɓo. Mun wuce Kwanar Ɗangora kaɗan sai ta dama ta yi bindiga. Motar ta fara rawa da gindi, matan suna salati. Abin da Allah ya taimake ni da shi, ban taka birki ba. Na riƙe sitiyari da hannu biyu, na sassauta ƙafa daga totur a hankali, na bar ta ta rage gudu da kanta har na gangara gefe. Da muka duba, bayan tayar ne ya saɓule gaba ɗaya kamar an feɗe shi. Da aka karanta lambar shekara, tayar ta haura goma. Zane bai nuna tsufa ba, robar ce ta mutu daga ciki. Tun ranar na ce ko za a sallame ni daga aiki ba zan sake ɗaukar iyalin mutum a kan tayar da ban san tarihinta ba.

Mota mai tsayi irin Prado ba kamar ƙaramar mota ba ce. In tayar baya ta fashe kana gudu ka danne birki, juyawa take yi.

Injiniya_Samaru:
Allah ya ƙara kiyayewa Baba. Wannan ya tuna min da rasuwar ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi, ranar 6 ga Maris 2016, a hanyar Kaduna zuwa Abuja, shi da matarsa da ɗansa. Lexus ce babba, kuma fashewar tayar baya ce mafarin haɗarin. Bayan nan ne Hukumar Kiyaye Haɗurra ta matsa sosai a kan duba shekarun taya.

Ga yadda ake karantawa ga wanda bai sani ba. Nemi inda aka rubuta DOT a gefen tayar, ka bi layin har ƙarshe, za ka ga lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Wani lokaci a gefe ɗaya kawai ake buga cikakkiyar lambar, in ba ka gani a waje ba ka leƙa ta ciki.

Abu_Sumayya:
To shekara nawa ne iyaka? 'Yan rodsefti sun ce huɗu, wani ya ce min goma.

Injiniya_Samaru:
Duka biyun ka ji daidai. Hukumar tana cewa shekara 4 daga ranar ƙerawa. Kamfanoni irin Michelin kuma suna cewa daga shekara 5 a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, in ta kai 10 a cire ko da zanenta bai taɓu ba. Ni a zafinmu da ramukanmu da lodinmu, na fi karkata kusa da maganar hukuma. Wanda ke kan hanya kuma da jami'i zai haɗu, ba da kamfani ba.

Mai_Faci_PZ:
Ni sana'ata ke nan, kullum hannuna cikin taya yake. Abu uku nake gani a Beljiyam. Na ɗaya, wadda aka sake yanka mata zane da wuƙa mai zafi don ta yi kamar sabuwa, in ka duba ƙasan zanen sai ka ga ba shi da santsi, wani wurin har waya ta kusa fitowa. Na biyu, wadda aka yi wa faci a gefe. Facin gefe ba faci ba ne, ko ni na yi maka kar ka hau babbar hanya da shi. Na uku, tayar ƙanƙara. Turawa sun yi ta don sanyi, robarta laushi gare ta, a kwaltar Zariya cinyewa take yi kamar ana kankare ta. Duk wadda ka ga hoton dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a ciki, ka ajiye musu kayansu.

Malamin_Kongo_2:
Malam Mai Faci gyara kaɗan. Wannan hoton dutsen ba tayar ƙanƙara kaɗai ke da shi ba. Wasu A/T na ƙwarai ma suna ɗauke da shi, KO2 na da shi. Abin da ya fi nuna ta ƙanƙara zalla shi ne sunanta, kamar Blizzak ta Bridgestone ko Alpin ta Michelin, ko ka ga an rubuta Winter ko Ice, sannan zanenta cike yake da ƙananan tsage-tsage sirara kamar an yi da reza.

Mai_Faci_PZ:
Na karɓi gyara Malam, Allah ya ƙara ilimi. Ni a cikin gwanjo na saba ganinsa shi ya sa.

Alhaji_Mai_Masara:
Abin takaici ne ma a ce muna wannan muhawarar. Da a ƙasar nan ake yin taya. Michelin na da masana'anta a Fatakwal, Dunlop na da tasu a Ikeja. Michelin suka rufe a 2007, Dunlop suka bi baya a 2008. Lokacin in ka sayi taya ka san ba ta shekara a jirgin ruwa da sito ba. Yanzu ko sabuwar ce sai ka yi hattara, don akwai masu cusa taya cikin taya, uku ko huɗu a ɗaya, don su rage kuɗin kwantena. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta sha kama irinsu. Wadda aka murƙushe haka wayar bakinta ta riga ta lanƙwashe tun kafin ta taka ƙasa.

DanKongo:
Da wutar lantarki ta tsaya da ba su tafi ba. Haka masaƙun Kaduna suka mutu muna kallo.

Sarkin_Hanya_Kwangila:
Jama'a kar mu koma siyasa, Alhaji na jiran amsa.

Baban_Khalifa_Hanwa:
Ina biye da ku, kuma ina ƙaruwa. Rim 20 ya fita, na nuna wa yaron abin da Hajiya ta rubuta ya yi shiru. 285 ma ta fita. Saura 265/65 da 265/70. Wata tambayar: in kuɗin bai kai na huɗu a lokaci ɗaya ba, zan iya sayen biyu yanzu biyu bayan girbi? In haka ne gaba zan sa sababbin ko baya?

Abu_Sumayya:
Gaba mana. Can sitiyari yake, can injin yake.

Direba_Tsohon_Hannu:
Haka muka taso muna yi, gaba. Amma abin da na gani a Kwanar Ɗangora ya canza min tunani. In ta gaba ta samu matsala kana jin ta a hannunka, kana da abin yi. In baya ya kwace, sitiyari ba ya jin magana.

Injiniya_Samaru:
Kamfanonin taya ma baya suke cewa a sa sababbin, saboda a jiƙaƙƙiyar hanya in tayoyin baya suka rasa riƙo motar juyawa take yi. Amma Alhaji, a taka motar akwai ƙarin magana, wadda Oga Bakanike ya taɓo a sama. Tunda ƙafa huɗu ke ja kullum, akwai na'ura a tsakiya mai raba ƙarfi tsakanin gaba da baya. In tayoyin gaba da na baya ba tsayi ɗaya ba ne, ita ke shan wahalar bambancin ba hutawa. Sabuwa da tsohuwa masu lamba ɗaya, bambancin kaɗan ne, za a iya lallaɓawa na ɗan lokaci. Amma 265/70 biyu da 265/65 biyu a mota ɗaya, wannan kar ka yi ko na mako guda. Don haka in biyu-biyu za ka saya, zaɓi ya ƙare, 265/65 ce. In kana son 70, sai ka shirya kuɗin biyar a tashi ɗaya.

Bakanike_Dan_Magaji:
Kuma tunda ka ce ta baya ta tsattsage a gefe sauran kuma sun suɗe, ni ban ga wadda za ka bari har girbi ba. Akwai ɗan tudu da ake sakawa a cikin kwarin zanen, in zanen ya yi daidai da shi, saura milimita 1.6 ke nan, tayar ta gama aiki. Ga damina na shigowa. Gara ka sauko kan kamfani mai matsakaicin kuɗi ka sayi huɗu sababbi da ka sayi biyu masu tsada ka bar biyu matattu.

Matashi_GRA:
Amma 'yan Chana fa? Ana cewa ba sa ƙarko.

Mai_Faci_PZ:
Suna suka tara. Akwai masu suna da wakilai a ƙasar nan, akwai waɗanda ko sunan ba ka taɓa ji ba kuma in ka dawo bayan wata shida babu irinta a kasuwa. Ka duba gefe, akwai inda ake rubuta TEMPERATURE da harafi A ko B ko C, juriyar zafi ke nan, A ta fi. Ba kowace taya ke da rubutun ba, masu LT galibi babu, amma in akwai, a ƙasarmu ni C ba na ba mutum shawara.

Sannan maganar iska, don Allah a ji ni. Mutane na zuwa su ce in sa 50, wasu su ce in rage saboda zafi. Lambar da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba abin da motarka ke so ba. Na motarka na jikin ƙofa kamar yadda Alhaji Mai Masara ya ce. A auna da safe kafin a yi tafiya. In ka taho daga Kaduna taya ta yi zafi geji zai nuna sama, kar ka sace iskar, in ta huce za ta koma ƙasa da ƙa'ida. Tayar da iskarta ta yi kaɗan ita ta fi yin zafi, don gefenta na ta lanƙwasa yana miƙewa, ita ce ke bindiga. Ka sayi gejinka ka ajiye a mota, namu na bakin hanya wani ya sha faɗuwa.

Direba_Tsohon_Hannu:
Wannan gaskiya ne. Da yawa direbobi rage iska suke yi da bazara suna ganin dabara ce.

Maman_Ilham_Gyallesu:
Malam Mai Faci, ni kuma an taɓa ɗaura min taya a juye, sai wani ya nuna min an rubuta OUTSIDE amma yana ciki. Yana da illa?

Mai_Faci_PZ:
Yana da ita Hajiya. Mai OUTSIDE dole rubutun ya kalli waje. Mai kibiya da ROTATION dole kibiyar ta bi yadda taya ke juyawa in mota na gaba, in ba haka ba ba ta korar ruwa yadda aka tsara. Ki tsaya a kansu lokacin ɗaurawa. A canza bawul sabo, a yi balansin, a yi alaimen. Alhaji ma kar ya sa sababbin taya bai duba ƙafar motar ba, in akwai bushin da ya mutu cikin wata uku zai ga gefe ɗaya ya cinye.

Sarkin_Hanya_Kwangila:
Ni har yanzu ina kan 265/70. Injiniya ya ce milimita 13 ce kawai, na yarda, amma gefen ma ya ƙaru da 13, kuma wannan ƙarin robar ne ke shanye duka in ka faɗa rami. Sannan a nan Zariya ban taɓa neman lambar na rasa ba.

Malamin_Kongo_2:
265/65R17 ma ai ba ta wahalar samu, ita ce a Hilux da yawa da GX 470. Ko a Pambeguwa taya ta mutu maka, ita za ka fi saurin samu.

Baban_Khalifa_Hanwa:
Na dawo daga kasuwa yanzu. Na duba takardar ƙofa, 265/65R17 ce. Na kuma duba safaya, wadda ban taɓa sauke ta ba tun da na sayi motar, shekararta ta wuce duk abin da aka ambata a nan, don haka ko ya aka yi biyar zan saya. A shago biyu na ga A/T mai ƙananan haƙora irin wadda Baba Direba ya kwatanta. A na farko 265/65 ce 112T amma an yi ta shekara biyu da suka wuce. A na biyu 265/70 ce, ta bana, kuma bambancin kuɗin ba yawa. Ban biya ba tukuna.

Bakanike_Dan_Magaji:
Ka ce na farkon ya nemo maka ta bana ko ta bara daga Kano ko Kaduna, kwana biyu ne. Da injin 2.7 ni 65 zan tsaya.

Sarkin_Hanya_Kwangila:
Ni kuma ta banan nan zan ɗauka in wuce wurin. In kana so gobe bayan La'asar mu haɗu a Kwangila ka ja tawa zuwa Shika ka dawo, ka ji yadda take a hannu.

Bakanike_Dan_Magaji:
Taka shida ce Sarki, ba za ta nuna masa abin da tasa za ta yi ba.

Baban_Khalifa_Hanwa:
Duk da haka zan zo in sha Allah, ko don in ga ko tana gugar wani wuri in an karya kai. Oga Bakanike, in na taso daga can zan biyo ta garejinka a duba min bushin da shokozoba kafin a ɗaura komai.

Abu_Sumayya:
Injiniya, na fita na duba nawa yanzu da tocila. Uku na ga lambobi huɗu, ɗaya kuma wurin kamar an goge shi da wani abu, ba ya karantuwa ko ta ciki. Ita ce a gaba ta hannun direba.

Mai_Faci_PZ:
Abu Sumayya kawo ta gobe da safe in sauke in gani. Kafin nan kar ka hau hanyar Kano da ita.